Naushin da ya tsaya a bakin hanci

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara kafin watan nan ya ƙare, domin ni dai dabarata ta ƙare. Na gaji, kuma ba irin gajiyar da barci yake maganinta ba.

Maigidana malamin kareti ne. Tun kafin ya aure ni yake wannan harka, yanzu ya haura hamsin, furfura ta cinye masa gemu, kullum safe sai ya haɗiyi maganin hawan jini. Yana da ɗakin koyarwa a saman wani shagon tayoyi, mai ƙaton madubi da ya tsage a gefe guda, da tabarmin roba da yake gogewa da hannunsa, da fankar da ta fi ba da ƙara a kan iska. Ɗalibansa Masta suke ce masa, ni ma in tsokana ta motsa min haka nake kiransa. Ba shi da wata sana'a sai ita. Da ita aka yi aurenmu, da ita muka raini yara, ni kuma kasona a ciki wankin fararen kaya ne da guga.

Ga wanda bai sani ba, yawancin abin da suke yi sunansa kata. Jerin motsi ne da ake haddacewa kamar karatu: taku, juyi, kariya, naushi, shuri, sai ihu, mutum shi kaɗai yana faɗa da abokan gaban da babu su. Gaskiya in yana yi sai kin tsaya kallo, ba ya kuskuren ko ɗan yatsa. In kuma ya haɗa su bibbiyu, dokarsa ɗaya ce: naushi ya fita da dukkan ƙarfinsa, amma ya tsaya kafin ya taɓa fata. Duk wanda ya kuskura ya taɓa abokinsa, sai ya zagaye ɗakin da tsallen kwaɗo. Da wannan yake alfahari fiye da baƙin bel ɗinsa na ƙwararru. Muna amarci yakan same ni a kicin ya kawo naushi har in ji iskarsa a hancina, ya tsaya cak, ni in saki ludayi, shi ya yi ta ƙyaƙyata dariya. A lokacin gani nake babu namijin da ya isa ya tsaya gabansa.

To, kwanakin baya muna layi a gidan mai da rana tsaka, wani mai babur ya kutso ya goge mana mota. Maigidana ya fita, da lallami ma ya fara, ni shaida ce. Mutumin irin waɗanda suka fito gida da faɗansu a aljihu ne. Ya zage shi, ya zage ni da nake zaune ban ce uffan ba, sannan ya ci kwalarsa. Anti, kin san abin da bawan Allahn nan maigidana ya fara yi? Takalminsa ya cire, ya ajiye su a jere kamar zai hau tabarmar ɗakinsa. Ya ja baya, ya gyara tsayuwa, ya saki naushi da ihun nan nasu. Naushi mai kyau, ban taɓa ganin ya yi wanda ya kai shi sauri ba. Sai ya tsaya a bakin hancin mutumin. Bai taɓa shi ba. Mutumin ya ƙifta ido, ya ga lafiyarsa lau, ya ɗaga hular kwanon da ke hannunsa ya maka masa a baki.

Haƙora biyu suka tafi, leɓe ya sha ɗinki. Wannan duk mai sauƙi ne. Ashe wani mara aikin yi ya ɗauka a waya, kafin mu baro asibiti abin ya zagaye ko'ina. Har waƙa aka ɗora a kai. Wurin cire takalmin suka fi maimaitawa.

Ɗalibai suka fara janyewa, iyaye suna ba da uzurin jarrabawa. Shi kuwa bai fasa ba. Yakan je ya buɗe ɗakin, ya goge tabarmi, ya koyar da 'yan tsirarun da suka zo, ya dawo ya zauna a tsakar gida yana kallon bango. Na yi ta ƙoƙarin mayar da abin wasa, har na ce masa aƙalla takalmansa ba su ji ciwo ba. Bai yi dariya ba, ni ma daga baya na ji haushin bakina.

Abin da ya ƙarasa dagula lamarin shi ne wani tsohon ɗalibinsa. Tun yana ƙarami yake zuwa wurinsa, abincin gidana ya ci ya girma. Yanzu ƙato ne, ya buɗe nasa wurin inda ake sa safar dambe a daki juna da gaske, a kayar, a shaƙe. Shi ne ya rubuta a ƙarƙashin bidiyon cewa yana girmama Masta, amma lokaci ya yi da za a daina yaudarar mutane, kata rawa ce, ba ta hana kowa shan duka. Maigidana ya gani. Bai shawarci kowa ba ya aika masa cewa su haɗu a wurin shi yaron ƙarshen wata, a gaban ɗaliban kowa, babu tsayar da hannu. Shi kuma mara kunyar ya amsa.

Tun daga ranar gidana ya zama wani abu daban. Ya rataye buhun yashi a jikin bishiyar tsakar gida, yana dukansa safe da yamma har gaɓoɓin yatsunsa suka kumbura suka fashe. Ni ce mai dafa ruwan zafi, ni ce mai gasawa, ni ce mai jin nishinsa in zai miƙe daga zaune. Rannan ina shanya na tsaya ina kallonsa ta bayan zani. Wallahi Anti, ko buhun ma wani lokaci hannunsa tsayawa yake kafin ya kai, sai ya ciji leɓe ya sake. Na shige ɗaki na yi kukana na share.

Ga inda na maƙale. A zuciyata na yarda da maganar yaron nan, ko da yake na tsani yadda ya faɗe ta. Abin da mijina ya ƙare rayuwarsa a kai ba faɗa ba ne, na gani da idona. In na gaya masa haka, na san na kashe shi da rai, domin ni kaɗai na rage da yake zaton ban canza masa kallo ba. In na yi shiru, zai je wani ƙato da a haife ya haife shi ya dake shi a ka, ga hawan jini. Na yi tunanin kai ƙara wurin Yaya, wansa, wanda ba ya tsallake maganarsa, amma ina tsoron ya ce na tona masa asiri na nuna shi rago ne. Na roƙe shi sau ɗaya, ya ce in bar maganar maza ga maza. Ni da na wanke jinin da ya ɓata rigarsa, wai ba maganata ba ce.

Shin duk shekarun nan a banza suka tafi? Ƙarya yake koya wa 'ya'yan mutane? Kuma ya zan yi in hana shi zuwa ba tare da na ƙarasa karya shi ba? Ki yi haƙuri da tsawon surutuna, ba ni da wanda zan faɗa wa.

Taki,
Matar Masta

*

'Yar'uwa Matar Masta,

Sannu da ɗawainiya, Allah ya ƙara wa maigida lafiya. Tambayoyi biyu kika haɗa a ƙulli ɗaya, bari mu kwance su.

Ta farko, ko kata tana shirya mutum ga faɗan gaske. Ita kaɗai, a'a. Jiki abin da aka saba masa yake yi, musamman in tsoro ya zo hankali ya gudu. Wanda bai saba a kawo masa duka ba zato ba, bai saba jin zafi ya ci gaba ba, bai saba da abokin karawar da ba ya bin tsari ba, ranar farko da ya gamu da su zai sha mamaki komai kyan tsayuwarsa. Mijinki ya shafe shekaru yana horar da hannunsa ya tsaya, ranar da ya buƙace shi kuwa ya yi masa biyayya. Ba tsoro ba ne, ba kuma rashin ƙarfi ba. Sabo ne. A nan tsohon ɗalibin yana da gaskiya, sai dai ya faɗe ta a inda bai kamata ba, ga mutumin da ya kamata ya je ya duba da jiki.

Amma daga nan zuwa cewa a banza ne, akwai tafiya. Mutum ya haura hamsin yana iya ɗaga ƙafa sama da kansa, yara sun shigo hannunsa da rawar kai sun fita da natsuwa da ladabi da lafiyar jiki, wannan ba ƙarya ba ce. Shi ƙaton da ke cika baki, a ina ya koyi tsayuwa da numfashi da juriyar atisaye? Ƙaryar tana shigowa ne kawai in an ce wa ɗalibi wannan ya ishe shi kare kansa a titi. In maigida yana faɗin haka, to ya daina, ya gaya wa ɗalibansa da iyayensu abin da yake koyarwa da abin da ba ya koyarwa. Ki kuma tuna, da naushin nan ya sauka yadda kika kwatanta shi, mai yiwuwa daga ofishin 'yan sanda za ki rubuto min. Ban ce tausayi ne ya tsayar da shi ba, amma ba duka sakamakon ne ya zama asara ba.

Ta biyu ita ce mai gaggawa. Wannan karawar kada a yi ta. Babu abin da za ta gyara. In an dake shi, an sami sabon bidiyo, in kuma yaron ya raga masa, kowa zai gani, shi ma zai sani. Mai hawan jini da bai daɗe da shan duka a fuska ba, ba shi da abin nema a wurin da ake dukan kai. Ki ja shi wurin likitansa a makon nan, ki tabbata an faɗa wa likitan abin da ake shiryawa, ya ji daga bakinsa.

Ki je wurin Yaya, amma ki gaya wa maigida tukuna cewa za ki je, kada ya ji a sama. Aikin Yaya ba ya tsawata masa ba ne. Ya kira tsohon ɗalibin ya tuna masa a gidan wa ya girma, ya sa shi ya zo da ƙafarsa ya janye ya ba da haƙuri. In janyewar ta fito daga wancan ɓangaren, mijinki bai gudu ba. Daga baya, in zukata sun huce kuma likita ya yarda, babu laifi su haɗa hannu: shi ya aika manyan ɗalibansa can su saba da karawa cikin kariya, wancan ya aiko nasa su koyi tushe. Malamin da ya yarda akwai abin da bai sani ba, girmansa ƙaruwa yake.

Saura ke. Ki ajiye ba'ar nan na ɗan lokaci. Na san da ita kike riƙe kanki, amma shi yanzu ba ya bambance dariyarki da ta mutanen waya. Kuma ba sai kin zaɓa tsakanin ƙarya da kalmar rawa ba. Bai tambaye ki hukuncin kareti ba. Abin da zai je nema a wurin yaron nan shi ne ya san ko har yanzu akwai mai ganin girmansa, kuma wannan amsar a gida take. Kin ce shi yana zaton ba ki canza masa kallo ba, amma duk tsawon wasiƙarki ban ga inda kika gaya masa yadda kike kallonsa ba. Roƙo kika yi sau ɗaya, aka ce maganar maza ce, kika koma dafa ruwan zafi.

Gobe in kin zauna gasa masa hannu, kada ki saki hannun da wuri. Ki gaya masa kina wurin, kin ga komai, kin ga ya tsaya miki lokacin da aka zage ki, kuma ba ki ji kunyarsa ba ko a ranar. Ki gaya masa tsoro kike ji, da sunansa tsoro, cewa kin iya zama da mijin da aka yi wa dariya amma ba ki san yadda za ki zauna babu shi ba. In bai amsa ba kada ki matsa, namiji irinsa yakan kwana da magana kafin ta shige shi. Ki dai faɗa tun kafin ranar ta matso.

Allah ya sanyaya masa zuciya, ya huce miki gajiya, ya bar ku tare cikin lafiya da mutunci.

Anti