Kaset ɗin Yaya Haggai

Rikoto, Zuru
9 ga Oktoba, 2006

Zuwa ga Yayana Haggai,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Yesu. Yaya aiki a bariki, yaya ruwan Fatakwal da ka ce ba ya ɗaukewa? Mu nan lafiya lau. Baba yana gaishe ka, ƙafarsa ta yi sauƙi, dawa kuma ta fara nuna. Ka yi haƙuri da shirun da na yi ranar da ka kira. A rumfar mai waya mutane suna tsaye a kaina, bakina ya ƙi buɗewa. Takarda ta fi mini sauƙi.

Yaya, na ji wani abu da ban san yadda zan faɗa maka ba. An yi taron Zumuntar Mata a cocinmu. Ran Jumma'a matan garin Mahuta suka tashi yin waƙa, da wata tsohuwa a gabansu, ana ce mata Mama Rebecca. Gajeriya ce, ba ta da haƙoran gaba. Da suka fara buga tulu ban gane waƙar ba. Sai da ta kai wurin da matafiyi yake hango hayaƙin gidansu, sannan na gane taka ce, waƙar matafiyi ta cikin kaset ɗinka, wadda wani mawaƙin Jos ya yi da jita.

Na sha jin ta a bakin mutane. 'Yan kwaya suna yin ta da sauri har a yi rawa. Maharazu mai gyaran keke yana yin ta da fito, kuma tasa ce na fi so kafin yanzu. Amma Mama Rebecca ta mayar da ita yarenmu, ta ja ta a hankali kamar mai hawan dutse da kaya a ka. Tulu ne kawai da kacau-kacau. Inda mawaƙin yake ɗaga murya, ita saukarwa take yi, sai mutum ya riƙe numfashi kafin ya ji. Matan da suke da 'ya'ya a soja duk suka sunkuyar da kai. Ban taɓa sanin waƙa ɗaya tana iya zama waƙa biyu ba.

Ka tambayi kaset ɗin da ka ba ni ajiya. Yana cikin akwati. Akwai magana a kansa, amma hannuna ya gaji.

Allah ya tsare ka.
Ƙanwarka,
Rachel

Rikoto, Zuru
22 ga Oktoba, 2006

Yaya Haggai,

Ina gaishe ka da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka. Ƙarya na yi maka a waccan wasiƙar. Hannuna bai gaji ba, tsoro ne.

Ran Asabar ɗin taron aka ce matan Mahuta za su maimaita waƙar kafin motarsu ta tashi. Na ce a raina, in tsohuwar nan ta tafi, shi ke nan, ba za ka taɓa ji ba. Na ruga gida na ɗauko rediyon Baba. Babu kaset ko ɗaya a gidan sai naka. Na tauna takarda na toshe ramuka biyun nan na samansa don a iya ɗaukar murya a kansa, yadda ka koya mini. Na koma coci na laɓe a bayan ginshiƙi, na rungume rediyon a ƙirjina don kada a gani, na danna jan maɓallin ɗaukar murya.

Zan iya cewa kuskure ne, amma ba kuskure ba ne. Na san a kan waƙarka zai hau. Na san Mamanmu ce ta saya maka shi ranar da aka ɗauke ka soja, wata biyu kafin ta rasu. Na tuna ka ce ba za ka kai shi bariki ba don kada a are shi ya ɓata, kuma ni kaɗai ka yarda da ita a gidan nan. Duk na sani, na danna.

Na je wurin mai sayar da kaset a kasuwa ko zan samo wani. Ya ce, 'yammata, an daina kawo wannan tun kina tsallen igiya. Ko da ma na samu, ba zai zama wanda Mama ta riƙe da hannunta ba.

Ban saurari kaset ɗin ba. Na kasa. Na naɗe shi a ƙyalle na ba Kofur Ladan na maƙwabta da zai koma barikinku, shi zai kawo maka da wannan takarda da ƙuli-ƙuli. In ka ji haushi, ka rubuto ka yi mini faɗa. Kada dai ka yi shiru. Kai kaɗai nake iya yi wa doguwar magana.

Ni ce mai laifi,
Rachel

Rikoto, Zuru
3 ga Disamba, 2006

Yayana,

Na gaishe ka, na ƙara gaishe ka. Muna lafiya, an yanke dawa, rumbu ya kusa cika. Takardarka ta iso jiya bayan sati shida. A cikin satin nan shida, ko tuwo ba ya yi mini daɗi.

Ka ce ka yi kwana tara ba ka taɓa kaset ɗin ba saboda ɓacin rai. Ka ce har yanzu abin yana yi maka zafi, kuma daga yau ko allura ba za ka ba ni ajiya ba, ɓarauniyar coci. Na karɓa, Yaya. Na yi dariya ina kuka.

Amma sauran maganar ce ta hana ni zama wuri ɗaya. Ka ce da ka saka shi, yaran Zuru na ɗakinku suka ajiye goge takalmi, wani Saje da ba ya dariya ya fita waje ya daɗe. Ka ce muryar Mama Rebecca tana can nesa-nesa, amma akwai wata ƙaramar murya dab da rediyon tana bin ta tun daga farko har ƙarshe, ba ta kuskure ko sau ɗaya ba. Ka ce sai da ka mayar sau uku kafin ka yarda tawa ce, don shekara goma sha huɗu muna gida ɗaya ba ka taɓa jin na yi waƙa ba.

Yaya, Allah ya sani, ban san bakina yana motsi ba. Na zaci a zuciyata nake yi. Da na karanta wurin nan sai na rufe fuska da zane, alhali ni kaɗai ce a ɗakin. Mutum nawa ne suka ji? A'a, kada ka faɗa mini.

Ka tambayi kanka, da zai yiwu in mayar maka da waƙar mawaƙin Jos, za ka so? Ka amsa da kanka, ka ce a'a. Ka ce Mama ta saya maka waƙa, ni kuma na aiko maka da gida. A ƙasa ka rubuta ka yafe, ka ja layi biyu. Wurin nan na ɗora yatsana a kai har tawadar ta fara gogewa.

Ka roƙi izini ka kwafa wa abokanka. Na yi tunani tun jiya. Ka kwafa musu. Amma in sun tambayi wace ce yarinyar, ka ce ba ka santa ba. In sun matsa, ka ce ƙanwarka ce.

Allah ya dawo mana da kai lafiya.
Taka har kullum,
Rachel