Gaton Zango da Aka Ce na Wagadugu Ne

Zuwa ga Inna Awa, mai Filin Shawarwari,

Assalamu alaikum. Inna, ki taimake ni da shawara tun bakina bai jawo mini abin da ba zan iya gyarawa ba. Yau kwana tara ba abin da ke haɗa ni da maigidana sai gaisuwar safe da ajiye kwanon abinci, kuma duk a kan gato ne, wannan da 'yan Najeriya ke kira kek. Na san za ki ce ƙasa tana cikin wannan hali, mutane na gudun ceton rai, wata kuma ta zauna tana kukan gato. Ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe.

Ni mai yin gaton biki ce a Zangon Sokode. A Lome na koya, shekara shida ina aiki a gidan wata madam 'yar Aneho. Ita tana da murhun gashi na lantarki da injin kaɗa ƙwai. Ni ba ni da ko ɗaya. Abin da nake da shi tukunyar ƙarfe ce da yashin rafi da nake wankewa in shanya, in zuba a gindin tukunyar, gawayi a ƙasa, garwashi a kan murfi. In wuta ta yi yawa gato ya ƙone, in ta yi kaɗan ya zauna kamar tuwon jiya. Gato mai hawa uku yana cin ƙwan zabi sittin, daga Kparatao ake kawo mini, kowane ɗaya sai na gwada shi a ruwa. Da maburgi nake kaɗawa har kafaɗata ta mutu. Farin da ake shafawa a sama kuwa, sukarin kwali nake dakawa a turmi, in tankaɗe shi ta cikin mayafi sau uku har ya yi laushi kamar hoda. Furanni da takarda nake matsa su ɗaya bayan ɗaya. Kwana uku ne aikin, kuma in kin ga hannayena daga wuyan hannu zuwa gwiwa, duk tabon ƙuna ne.

Maigidana, Malam Illiyasu, malamin lakwal ne, wato makarantar boko. Tun da aka shiga yajin aikin nan wata shida ke nan ba albashi. Ga 'yan uwa takwas da suka gudo daga Lome a watan Janairu, suna nan gidanmu, har zaure akwai masu kwana. Ƙananan gato da nake gasawa a kai tasha, da na suna da na aure da ke shigowa jefi-jefi, su ne cefanenmu. Ban faɗa don gori ba, don ki san cewa wannan tukunya ba wasa nake yi da ita ba.

To, Malam yana da yaya a Dapaong, Hajiya Mas'uda, babbar 'yar kasuwa ce, ita ta riƙe shi tun rasuwar mahaifiyarsu. Bara waccan ta aurar da babbar 'yarta Sayyada, ni kuma na yi mata gato mai hawa uku kyauta, ko dala ban karɓa ba, na ce shi ne gudunmawata. A kan cinyata na ɗauke shi daga Sokode har Dapaong, na biya kujera biyu a mota. Lokacin ana tare hanya da tayoyi da kututture. A kwanar dutsen Alejo ɗaga kwalin gaton na yi sama don kada ya bugu. Bayan mun wuce Kante wasu masu tare hanya suka ce sai sun soka sanda a ciki sun ga abin da na ɓoye. Na sauko na tsaya a gaban kwalin, na ce su fara soka mini tukuna. Da ƙyar da roƙon direba, da 'yan gutsattsarin da na ƙulla don ci a hanya, suka bar mu. Gaton nan ya isa Dapaong ko fure ɗaya bai faɗi ba.

Ranar wuni, kin san al'adarmu, maroƙiya takan tsaya tsakiyar mata ta kira sunan duk wadda ta kawo gudunmawa. An kira mai zani, an kira mai kwano, har wadda ta kawo sabulu uku an kira ta an yi mata guɗa. Ina zaune ina gyara ɗaurin ɗankwali, ina jira. Har aka tashi ba a kira ni ba. Na ce a raina mantuwa ce, taro ya yi yawa. Sai da aka fito da gato, mata suka taso suna leƙe, wata matar mai kuɗi ta tambayi inda aka samo shi. Da kunnena na ji Yaya Hajiya tana cewa daga wani babban otal a Wagadugu aka yo odarsa, jaka arba'in, wato sefa dubu arba'in. Ina bayanta a tsaye, wuƙar yankawa a hannuna. Ni na yanka, ni na raba, mata suna ci suna yabon mutanen Wagadugu.

Inna, na ji zafi, kuma har yau ina ji. Ban faɗa wa kowa ba, har Malam. Na haɗiye na dawo gida.

Yanzu ga auren ƙaramar, Khairiya, mako ɗaya bayan Babbar Salla. Yaya Hajiya ta aiko direbanta Salifu da saƙon baki, wai irin na Sayyada, amma a ƙara hawa ɗaya. Babu don Allah, babu nawa ne. Na ce wa Salifu ya koma ya ce jaka ashirin da biyar. Kayan haɗi kaɗai yanzu sun kusa jaka goma sha biyar, don tun da tashar jirgin ruwan Lome ta tsaya fulawa da bota sai an yi sa'a ake ganinsu a Sokode. Da Salifu ya dawo, kansa a ƙasa, ya ce Hajiya ta ce fulawa da ƙwai ne fa, masar Zango ce da aka shafa wa farar ƙasa, kuma ba ta san ana sayar wa dangi abinci ba. Wato ranar da za a yi taƙama da shi jaka arba'in ne, ranar da za a biya mai shi kuma ya zama masar Zango.

Malam ya ce na kunyata shi. Ya tuna mini buhu biyu na masara da jarkar mai da Yaya ta aiko tun da aka fara yajin aiki. Gaskiya ne, ta aiko, mun ci, Allah ya saka mata. Amma masarar nan duk Zango sun san daga Dapaong ta zo, don a ƙofar gida aka sauke ta da rana tsaka, kuma na aika godiya sau biyu. Ni ban taɓa cewa daga Wagadugu ta zo ba. Ƙannen Malam da ke cin tuwona suna ƙus-ƙus cewa kuɗi sun shiga idona. Su yi ta yi. Na rantse a raina ba zan ƙara ƙona hannuna don a yabi wani otal da ban taɓa gani ba. Ko za a daina aiko masara, ko Malam zai shekara bai yi mini magana ba, gatona yana da kuɗi kuma yana da mai shi.

Abin da ke karya mini zuciya Khairiya ce. Yarinyar nan a hannuna ta yi hutun makaranta sau uku. Ta rubuto mini 'yar takarda da Faransanci, wai Tanti, furanni masu ruwan hoda take so. Jiya da mai ƙwai ta zo daga Kparatao, ban san lokacin da na ce ta fara tara mini tamanin ba. Amma wallahi ba zan yi ba.

Inna, rowa ce wannan, ko gaskiyata ce? Ki faɗa mini ko da ba zai yi mini daɗi ba.

Taki,
Mai Tukunyar Yashi, Zangon Sokode

AMSAR INNA AWA

Wa alaikumus salam, 'yata Mai Tukunyar Yashi.

Ba rowa ba ce. Aikin kwana uku da ƙunar hannu yana da farashi, kuma jaka ashirin da biyar ba tsada ba ce ga gato mai hawa huɗu a wannan shekara. Ga baƙon da ya zo saye, kada ki rage ko dala, kuma kada ki ji kunyar faɗin kuɗinki don ƙasa na cikin rikici. Mai fulawa bai ji kunya ba da ya ƙara nasa.

Sai dai na karanta takardarki sau biyu, kuma ban ga mace mai neman jaka ashirin da biyar a ciki ba. Na ga mace da aka hana wa sunanta a gaban taro, ta yi shiru shekara ɗaya da rabi, sannan ta aika fushinta a bakin direba ta sa masa farashi. Hajiya ba ta san kin ji maganar Wagadugu ba. Malam ma bai sani ba. Abin da suka gani kawai shi ne matar da ta yi kyauta bara waccan, bana kuma ta ce a biya, bayan ta ci masara. In kin tsaya inda suke tsaye, ke ma za ki ga abin bai yi kyau ba. Wannan gefen laifinki ne.

Hajiya ta yi miki ba daidai ba sau biyu, ranar da ta ba wa otal aikinki da ranar da ta kira shi masar Zango. Ba zan wanke ta ba. Amma mace ce da ta raini ƙaninta, kuma tana ciyar da gidansa a lokacin da kowa ke ɓoye abin da yake da shi. Irinsu sukan ɗauka duk abin da ke gidan ƙani nasu ne, har da hannun matarsa. Malam kuwa ki tausaya masa. Namiji ne da ya yi wata shida yana cin masarar yayarsa da cefanen matarsa. Rabin shirun nan nasa kunya ce.

Ga abin da za ki yi. Yau ɗin nan ki zaunar da Malam ki ba shi labarin Wagadugu kamar yadda kika ba ni, har da wuƙar da ke hannunki. Bayan haka ki rubuta wa Hajiya da kanki, cikin ladabin ƙanwa, ki bar Salifu ya yi tuƙinsa. Ki fara da godiyar masara. Ki ce kin ji abin da aka faɗa ranar wunin Sayyada kuma ya yi miki ciwo. Sannan ki kawo sharuɗɗa uku. Kayan haɗi ita za ta saya, ga ta kusa da Sinkase inda fulawa da bota suka fi sauƙi, kuma in ta biya da hannunta za ta daina ce musu fulawa da ƙwai ne fa. Aikin hannunki kyauta ne ga Khairiya, shi ne gudunmawarki, kuma maroƙiya za ta kira shi da sunanki kamar yadda ake kiran mai sabulu uku. Na ukun shi ne babba: ba za ki ƙara ɗaukar gato a cinya ki bi hanyar nan da shi ba. Kwana huɗu kafin biki ki hau motar safe da tukunyarki da yashinki da maburginki, ki kafa murhu a tsakar gidan Hajiya, inda duk matan Zangon Dapaong ke shiga da fita. Duk wadda ta tsaya kallo ki miƙa mata maburgi ta taya ki kaɗawa. Ki ba wa Hajiya ma taɓarya ta daka sukarin kwali ko sau goma ne. Bayan wannan ba wanda zai iya cewa Wagadugu, kuma ina zaton za ki dawo Sokode da odar aure biyu ko uku.

In Hajiya ta ƙi sharuɗɗan, kada ki gasa, kuma kada ki yi gaba. Ki sayi zani mai kyau, ki je bikin 'yarki, ki zauna cikin mata da fara'arki. Ƙwai tamanin ɗin da kika ce ba ki san lokacin da kika yi odarsu ba, 'yan tasha za su cinye su a ƙananan gato. Amma ni ban ga alamar za su kai tasha ba.

Ki riƙa tambayar direbobi labarin hanya kafin ki tashi, in ba lafiya ki jinkirta. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan fitina, ya mayar da Malam ajinsa, ya ba Khairiya zaman lafiya a ɗakinta. Ranar wuni kuma, in maroƙiya ta kira sunanki, kada ki sunkuyar da kai. Ki miƙe tsaye, ki bar mayafi ya zame daga hannayen nan masu tabo, kowa ya ga otal ɗin da ya gasa gaton.

Taku,
Inna Awa