Inna Ba Ta Yi wa Aya Shiru

Assalamu alaikum, ƙanena Auta. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan ta same ka lafiya, kai da iyalinka, ya yi wa aikinka albarka. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar Inna da ke tashi. Kawu ya bar tuƙi, 'yata ta fara koyarwa.

To, gyara zama, don da kai nake. Ka san Inna tun muna yara ba ta iya wuce aya shiru a sallah. In ta zo ayar rahama ta ce Allah ka ba mu, in ta zo ta azaba ta nemi tsari. A wannan muryar muka tashi. Sai kai, daga jin wa'azi rabi a mota, ka buga waya ka ce mata magana a sallah ɓata ta take yi. Ka ajiye wayarka ka tafi harkarka. Ita kuwa ta ɗauka sallolin rayuwarta duk sun zube, ta fara ramuwa. Na same ta a ɗaki bayan azahar, ta dafa ƙafar gado tana ƙoƙarin miƙewa, gwiwa ta kumbura kamar tulu, leɓe a datse kada kalma ta kuɓuce mata. Wallahi da kana kusa, da kunnenka ya gaya maka. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, amma kai a wuyan uwarka ka rataya naka.

Na ɗauko littattafaina zan karanta mata, ta ce in rufe, ni 'yarta ce, zan tausaya mata ne kawai. Ta ɗauki sandarta ta taka har zauren liman, ina biye da ita kamar jela. Auta, ka so ka ga uwarmu! Ba inda-inda ta ce masa ta zo a gaya mata gaskiya ne, ko ɗaci gare ta, in ramuwa ce za ta yi ta har ƙarfinta ya ƙare. Liman ya ce Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, haka yake yi a nafila. Ya ce a farilla malamai sun saɓa, wasu sun fi son a bari, amma addu'a ba hirar mutane ba ce, ba ta ɓata sallah. In tana bin liman, ta saurara, ta roƙa a ranta. Babu abin da za ta rama.

Sai ta gyara mayafi ta ce dama abin ya ɗaure mata kai, a ce Mahaliccinta ya ambaci rahama ta sunkuyar da kai ta yi gum, kamar suruka a gaban surukai. Liman ya yi dariya har rawaninsa ya karkace.

Yau da hantsi ina wanke-wanke na ji ta tana sallar walaha. Muryar ta dawo. Na bar famfo yana zuba na tsaya ina saurare.

Ka kira ta ka janye maganarka da bakinka, don har yanzu ta hana a ce ka yi kuskure, wai ɗanta tsoron Allah ne ya yi masa yawa.

Ka gaida matarka da takwarar Inna. Kawu da Gwaggo suna gaishe ka. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Yayarka, wadda har yanzu ba ta huce ba.