Filaskon da Ka Sa Aka Ɗura wa Baba

Zuwa ga ƙanena Sadisu a Jidda,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Raihana da yara, Allah ya ƙara tsare ku. Mu nan garin Hajj Abdalla mun gode Allah, dawa ta yi kyau a hawasha, gonarmu ta noman rani, ƙafar Iya ma ta yi sauƙi. Gaisuwar ke nan, don raina a ɓace yake da kai.

Ka san dajin hanji ne ya kashe Baffa Mati, shi ya sa likita a birnin Madani ya ce a ɗauki hoton hanjin Baba tun da wuri. Na sha fama kafin ya yarda, saboda wankin ciki yake tsoro. Likitan ya ce mai shekarunsa da ciwon suga ba sai an wanke shi tas ba. Abinci marar nauyi zai ci, ya sha ɗan magani a kwalba wanda zai sa na'ura ta bambance bayan gida da tsiro. Baba ya dawo da murnarsa.

Sai ga wayarka, kuma ba ni ka kira ba, Iya ka kira. Wai likitocinmu ha'inci suke yi, wai maigidanka da aka duba shi sai da aka ƙwaƙule cikinsa. Iya kuwa ta dafa filasko irin wanda take ɗura mana muna yara, ta ba Baba da asubar ranar hoton ban sani ba. A cikin hafila, motar hayar da muka shiga zuwa Madani, cikinsa ya ɓalle, Sadisu, gaban mijina da mutanen gari. Kafin mu isa ya sume. Ƙarin ruwa aka yi masa, hoto bai yiwu ba.

Yanzu ya kafe ba zai koma ba, ko masallaci ya daina fita don kunya. Shekaranjiya kuma ina wanki na ga jini a wandonsa. Yaushe ka zama likita? Ni da nake jinyarsa ba ya jin tawa, taka yake ji. To ka kira shi ka ce ka yi kuskure, ya koma. In ka ƙi, abin Baffa ya same shi, kada ka bugo mini ta'aziyya.

Ka gaida Raihana da Mujahid da Lubna. Baba ma ya ce a gaishe ka. Har yanzu cewa yake ɗansa ya fi likita sani.

Yayarka,
Juwairiyya