Ƙwayar Maƙwabci da Digirin 'Yata

Anti mai wannan fili, ki taimaka mini kafin murna ta kwantar da ni!

Ni kafinta ne. Karatuna bai yi nisa ba, malamai ne suka riga ni gajiya. Amma ga shi 'yar farina za ta karɓi digiri ranar Asabar! Tun da aka faɗa mini, barci ya yi ƙaura. Da na rufe ido sai in hango ta da hular nan mai kama da faranti, in miƙe in sake goge takalmi.

Maƙwabcina ya tausaya mini ya ba ni ƙwayar barcinsa, na haɗiye ɗaya. Barci kam na yi, har maman yara ta taɓa ni ta ji ko da rai. Matsalar washegari ce. Rana ta take, ina shago, kaina kamar an cika shi da garin katako. Na haɗa kujera, ƙafa uku a ƙasa, ta huɗu tana kallon sama. Mai kujerar ya gaishe ni, sai da ya tafi na amsa.

To, Asabar da sassafe ni zan tuƙa iyali a motar da ƙanena ya ara mini. Ina so in sake shan ƙwayar a daren jajibiri. Abin nan awa nawa yake yi a jiki? In sha rabi? Ko kofi mai kauri zai wanke shi? Kada ki ce in tambayi yarinyar. Harhaɗa magunguna ta karanta, kunya ba za ta bar ni ba.

Baban Mai Digiri

Baban Mai Digiri, barka da arziki!

Ba zan iya ƙayyade maka awanni ba, domin ko sunan ƙwayar ba mu sani ba. Wasu kan saki mutum da safe, wasu kan raka shi har yamma, gwargwadon irinsu, shekarun mutum da lafiyar hantarsa. Taka kuwa, kujera ta riga ta ba da shaida. Rabi ma ba shi da tabbas, kofi kuma ido yake buɗewa, ba ya fitar da magani daga jini.

Sai dai rashin barci ma haɗari ne a kan sitiyari. Saboda haka ka mayar wa maƙwabci kayansa, ka bar wa ƙanenka tuƙi, kai ka hakimce a gaba da takalminka mai ƙyalli.

Sannan ka ajiye kunya ka faɗa wa 'yarka. Don irin wannan tambaya ka yi ta fere katako har ta gama karatu. Ka zama mutum na farko da zai ci moriyarsa. Allah ya sa albarka, ya nuna maka wannan rana idonka biyu.