Likkafanin Baba

Zuwa ga ƙanena abin ƙauna,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan ta same ka lafiya, kai da iyali. Mu nan kalau muke. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma faɗanta na safe.

Dalilin wasiƙar nan shi ne farin yadin da Baba ya sa ka aiko masa bara, wanda ya ajiye a ƙasan akwati don ya zama likkafaninsa. To, ya bayar da shi. Wani ɗan dako ne ya faɗi ya rasu a tashar mota, dab da shagon kafintancin Baba. Baƙo ne, ba mai jin yarensa, ba wanda ya san danginsa. A asibiti aka ce ɗan'uwa kaɗai ake ba wa gawa. Baba ya miƙe ya ce ƙaninsa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya karɓo shi, ya yi masa wanka, ya naɗe shi a yadinka.

Ka san ni da baki. Na ce masa tsofai-tsofai da shi ya je ya shara ƙarya, ga kuma guminka ya kyautar. Ya bar ni na gama tas, yana ta goge katako. Sannan ya ce bai yi ƙarya ba, mu ne muke fara ƙirga dangi daga kakanni mu tsaya. Wai numfashi ɗaya aka hura wa mutum na farko, shi ake ta rabawa har yau, kuma da yana wanke mutumin, ji ya yi kamar jikinsa yake wankewa. Na girma a gidan nan, amma ban san girman mahaifinmu ba sai ranar.

Tsorona kada ranka ya ɓaci, don na san da wuya ka sayi yadin. Baba kuwa ya ce kada ka aiko wani, 'yan'uwansa suna da yawa, ba zai rasa mai rufa shi ba.

Ka gaida matarka da 'yan biyu. Inna da Goggo suna gaishe ka. Baba kuma ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida yana karɓar gaisuwa, ya ce lallai in yi maka ta'aziyyar baffanka.

Taka har kullum,
Yayarka