Kwalaben Shekarar Ƙanƙara

Zuwa ga ƙanena Aurelien,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da Perrine da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare ku da sanyin Montreal ɗin nan naku. Mu nan lafiya lau, an gama yankan reshen inabi, gwiwar Gwaggo Odile ce dai ke ta mita. Ka samu wuri ka zauna kafin ka ci gaba.

Makon jiya aka aiko wa Baba littafin gwanjon da za a yi a Dijon. Yana dubawa sai ga kwalba uku na jan ruwan inabi da sunan gidanmu, na shekarar da aka haife ka. Ka san Baba da wannan shekara. Shekara talatin da bakwai yana gaya wa duk mai kunne cewa ƙanƙara ta kashe gonar, gidanmu na Tissandier bai matse ko ɗigo ba. Ya buga tebur ya ce jabu ne, zai je ya faɗa a gaban kowa. Kuma ka san in mai gona ya ce jabu ne, janye kwalaben ake yi a tsiyayar.

Gwaggo ta nace sai ta bi mu, ita da ko kasuwa ba ta zuwa. Da muka tsaya shan mai Baba ya fita, sai ta damƙi hannuna ta fasa ƙwan. Ashe bayan ƙanƙarar, da Baba ya rantse ba za a tsinki ko ƙwaya ba ya tafi aiki gonakin kudu, Mama ta shiga gonar da cikinka wata bakwai. Ita da Gwaggo suka tsince abin da ya tsira ƙwaya ƙwaya, suka cika ganga guda a ɗakin ƙasan Gwaggo, daga baya aka sayar wa wani mai gidan abinci a Lyon. Mama ta sa ta rantse ba za ta faɗa ba. Na ce mata haba Gwaggo, sai yau, a gidan mai? Ta ce to in na isa in gaya masa da kaina. Wallahi ban iya ba. Haka muka isa Dijon.

Kafin a fara aka jera kayan don masu saye su duba. Baba ya sa tabarau, ya ɗaga kwalba ɗaya ya haska ta, ya duba inda ruwan ya tsaya a wuya, sannan ya kai ido kan takardar. Da hannu aka rubuta shekarar. Ka tuna bakwai ɗin Mama mai doguwar jela, irin na jikin kwalaben jam ɗinta na 'ya'yan itace? Shi ne a wurin. Ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo ya kalli Gwaggo, ita kuwa ta kalli takalminta.

Na matsa na raɗa masa ya yi shiru kawai. Dillalai duk sun san labarin ƙanƙarar, ba wanda zai taya da ƙarfi, in na ɗaga katin tayinmu sai mu kwashe ukun da arha. Amma in suka ji na gaske ne, mun rasa su. Da aka zo kan kwalaben, sai Lombard, dillalin nan mai bakin tsiya, ya juyo yana dariya ya tambayi Baba ko wannan ma ƙanƙarar ce ta matse shi. Mai gwanjo ya tsaya da gudumarsa. Na taka ƙafar Baba har sau biyu. Ya miƙe ya ce, “Namu ne. Matata Huguette ce ta yi shi, ni kuwa na yi shekara talatin da bakwai ina faɗin abin da ban sani ba.”

Kai, ka ga hannuwa! Kwalba ta farko ta tafi ga wani mai tayi ta waya. Ta biyu ma haka, ban ko gama ɗaga katin ba. Raina ya ɓaci da Baba, na kuma ji tsoro, don saura ɗaya. A ta uku muka rage mu da Lombard. Na kai iyakar abin da muka zo da shi, shi kuma hannunsa yana sama. Sai Gwaggo ta miƙe da sandarta ta zuba masa ido. Ya sosa ƙeya ya sauke hannu. Ban san ina kuka ba sai da gudumar ta sauka, kwalbar ta zama tamu.

Kwalbar tana ɗakin ƙasa, kwance ita kaɗai. Na tambayi Baba yaushe za a buɗe, ya ce mutum uku ne suka tsinci inabin nan, ɗaya ta rasu, ɗaya tana nan, sai na ukun da ke cikin Mama a lokacin ya zo. Shekara shida ba ka taka gidan nan ba, Aurelien, Baba kuma ya fara hutawa a tsakiyar matakala. Kada ka wuce damina.

Ka gaida Perrine, ka shafa mini kan Maelle da Corentin. Gwaggo tana gaishe ka, ta ce har yau tana bin ka godiyar kwandunan da ta ɗauka a madadinka.

Yayarka,
Solange